Sai Bulama Ya Danna Ɗaya

Abdulwahid Ɗahiru ba irin mutumin da za ka so ya yi maka sallama kana banɗaki ba ne. Zai tsaya a ƙofar gidanka ya yi sallama, ya saurara, ya sake yi. Ba zai shigo ba, ba kuma zai tafi ba, sai ka amsa. In kuwa aiko shi aka yi wajenka, ka shiga uku, don bai yarda da gyaɗa kai ba. Sai ka buɗe baki ka ce "na ji" kafin ya rabu da kai. Tun muna firamare muka sa masa suna Sai-ka-amsa, sunan kuma ya bi shi har ya tsayar da gemu.

Ni gyaran injin ban-ruwa nake yi a Haɗejiya. Shagona bango ɗaya ne da ofishin ƙungiyar manoman shinkafar da yake wa aiki, kwano ɗaya muke ci da rana. Saboda haka abin da zan faɗa ba a teburin mai shayi na tsince shi ba.

Halin nasa gado ne. Mahaifinsa Malam Ɗahiru ɗan aiken bulamomi ne a ƙasar Auyo, da rani a kan keke, da damina a cikin kwale-kwale. Bai taɓa barin saƙo a bakin maƙwabci ba. In mai gida ya tafi gona sai ya shimfiɗa buzunsa a zaure ya jira shi, ko da kuwa zai kai magariba. Mutane suna yi masa dariya, amma duk wanda yake da maganar da ba ya so ta lalace a hanya shi yake nema.

Ɗan ya yi karatun kwamfuta, ya dawo gida babu aiki. Ya yi shekaru yana buga wa makarantu takardun jarrabawa, yana tura wa mutane wa'azi a waya. Shiru-shiru ne, siriri, rigarsa kullum a goge ko da ta tsufa. Da ƙungiyar ta sami tallafin kayan gargaɗin ambaliya, shi aka tuna, don babu wani a cikinsu da ya san inda ake kunna abin.

Kayan ba su da yawa. Akwai wata sanda mai awon ruwa da aka kafa a rafin da ke saman ƙauyukan, tana aiko da labarin tsayin ruwa. Akwai kwamfuta a ofis, da wani ɗan akwati mai ɗauke da layukan waya, da sola a kan rufi. In ruwa ya wuce ƙa'ida, aikin kwamfutar shi ne ta sanar da manoma.

Wata rana muna cin shinkafa da wake ya yi min bayanin abin da ke hana shi barci, ni kuwa ina ta ƙoƙarin rigan sa cinye naman.

"Matsalar duk na'urar da ke aika saƙo guda ɗaya ce," in ji shi. "Mai aikawa da mai karɓa ba sa shiryawa lokaci ɗaya. To hanya biyu ce. Ko dai ka jefa saƙon ka wuce abinka, wanda ya samu ya samu. Ko kuma ka riƙe shi a hannunka ka tsaya, ba za ka yi gaba ba sai an ce maka an karɓa."

"To wacce ta fi?"

"Kowacce da inda take kashe mutum."

Na ce masa ya ci abinci ya bar surutu.

Daminar farko hanyar jefawa aka bi. Ruwa ya taso, kwamfuta ta watsa rubutaccen saƙo ga kowa lokaci guda. Rabin wayoyin suna wajen mai caji, rabin masu su ba sa karanta boko. Babu wanda ya san wa ya ji, wa bai ji ba. Amma ba wannan ne ya tayar da ƙura ba. A ƙauyen Bakin Kwari, bulamansu Mala, dattijo mai zafin rai da son girma, a bakin mai ƙosai ya ji cewa ruwa na zuwa garinsa. Mata sun fara ɗaure kaya shi yana zaune a ƙofar gida yana jan carbi bai san komai ba.

Da aka kira taron ƙungiya, Bulama Mala ya miƙe da sandarsa.

"Yaro," ya ce da Abdulwahid, "ubanka ya yi min aike shekaru. Ka taɓa jin ya shiga gari ya fara da gidan mai ƙosai?"

"A'a, Baba."

"To injinka ya koyi ladabi. Magana in ta zo gari, ta ƙofar mai gari take shiga. In na ji, ni zan ba da izini mutanena su ji."

Sauran bulamomin duk suka ce haka ne. Na dubi Abdulwahid ina zaton zan ga ɓacin rai, sai na ga fuskarsa ta washe. Abin da ransa yake so ke nan tun farko. An ba Sai-ka-amsa izini ya gina injin da yake da halinsa.

Ya zauna ya sake tsarin. Ya daina rubutu, ya naɗi muryarsa. Kwamfuta za ta kira bulaman gari tukuna, in ya ɗauka sai ya ji: "Salamu alaikum. Abdulwahid ne daga ƙungiya. Ruwa na zuwa. Ku kwashe iyali ku hau tudu yanzu. In ka ji, danna ɗaya." Da zarar bulama ya danna, sai kira ya bazu ga sauran mutanen garin, kowa kuma ba za a ƙyale shi ba sai ya danna nasa. Bai manta da wayar da ke kashe ba. In kwamfuta ta kira bulama ta tarar wayarsa a kashe, ta san ba kowa a wajen, sai ta wuce shi ta kira jama'a. Amma in wayar tana ƙara, to akwai mutum a kusa ke nan, sai ta yi ta kira har ya ɗauka. Babu wanda ya ga aibun wannan a cikinmu.

Abin kuma ya yi aiki, wannan dole a faɗa. Damina biyu a jere aka kwashe shanu da buhunan hatsi kafin ruwa ya iso. Mutanen da suke kiransa yaron kwamfuta suka koma ce masa Malam. Har ƙauyuka suka daina tura mutum bakin rafi ya duba ruwa kamar yadda iyayensu suke yi, tunda ga waya a aljihu.

A can Bakin Kwarin ya samo mata, garin tattara lambobin waya. Ummussalma, 'yar Malam Haris mai saƙar komar kamun kifi. Yarinya ce mai baki, kishiyar halinsa ƙwarai. Da ya gabatar da kansa ta bar shi damina guda yana jiran amsa, da gangan, ta ce tana so ta ga ko sunan da aka sa masa gaskiya ne. Bayan aure in na je gidan sai ta leƙo daga bayan labule ta ce, "Yaya, ka ga mijina? Shi kaɗai ne namijin da muryarsa ke shiga ɗakin kowace mata a ƙasar Auyo, kuma mazajen su gode masa." Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ban taɓa ganin sa cikin jin daɗi irin na shekarar nan ba.

Da cikinta ya tsufa aka mayar da ita gidan iyayenta, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta haifi mace ana tsakiyar damina, aka sa mata Najwa. Mahaifiyarta Hajo ta kafa tukunyar wankan jego, aka ce sai ta yi arba'in za ta koma ɗakinta.

Ba a daɗe da suna ba Bulama Mala ya rasu. Mun je gaisuwa tare. Aka tattara kayansa, rawani da carbi da takalmi da 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila, aka zuba a adakar ƙarfe aka kulle, aka ba liman makulli har ranar rabon gado. Wannan mu ba mu gani ba, daga baya muka ji.

A hanyar dawowa Abdulwahid ya ce dole ya cire lambar marigayin ya sa ta wani. To ta wa? Ƙanen Mala yana son rawanin, babban ɗansa ma yana so, gari ya rabu biyu ana gaisawa da kyar. Shugaban ƙungiya ya kira shi gefe.

"Kul ka taɓa. Duk wanda ka sa a gaba a cikin injin nan, kai ka naɗa shi. Ka bari sai an yi sabon bulama."

Ya bari. Ya ce min babu damuwa, wayar mamaci ai kashe ta ake yi, in ma ba a kashe ba caji zai ƙare, kwamfuta za ta wuce shi. Bai yi lissafi da irin ƙananan wayoyin nan da caji ke kwana da kwanaki a cikinsu ba in ba a taɓa su ba.

A satin nan ruwan sama ya yi ta sauka kamar ba zai ɗauke ba. Kogi ya cika ya batse, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin da ya saba bi, aka fara shela a masallatai cewa duk namiji mai lafiya ya fito jinga, wato tudun ƙasar da ya tsare garin Haɗejiya daga kogi. Ran nan da safe, kafin mu fita, Ummussalma ta kira shi yana tsaye a shagona. Ina jin abin da yake cewa.

"Eh, na san rafi ya cika. Ki kwantar da hankalinki, ke mai jego ce, kada ki fita cikin sanyin nan ba dalili. In da wani abu za ki ji muryata kafin ruwan ya zo. Ki dai bar wayar kusa da ke."

Muka ƙulle wayoyinmu a leda muka bar su a shagon, kamar yadda kowa yake yi, don ruwa har ƙirji ake shiga. Muka wuni muna cika buhuna da ƙasa muna miƙawa hannu da hannu. Hankalin kowa yana kan garin, babu wanda ya tuna da ƙauye.

Bayan azahar wani ɗan acaɓa ya iso daga wajen Auyo, laka har wuya, ya ce rafin sama ya ɓalle, Bakin Kwari ta tafi. Abdulwahid kuwa ya ajiye buhun da ke kansa a natse.

"Sun fita tun ɗazu," in ji shi. "Sanda tana ganin ruwan tun yana nesa. Tun da hantsi aka kira su."

Na tayar da babur. Muka yi ta tafiya har hanya ta ƙare a cikin ruwa, muka sami wani masunci ya ɗauke mu a kwale-kwale. Gonakin shinkafa duk sun zama kogi ɗaya, sai kan bishiyoyi. A hanya ya yi ta faɗa min yadda abin yake tafiya, wa za a fara kira, wa zai biyo baya. Ni ma na so in yarda.

Mutanen garin suna makarantar firamare da ke kan tudu, da awakinsu da tabarminsu jiƙaƙƙu. Da suka ga Abdulwahid sai hayaniyar ta lafa. Mutum ba ya bukatar a gaya masa ma'anar irin wannan shirun. Hajo tana zaune a barandar aji da jaririya a cinyarta, mijinta Malam Haris yana tsaye a kanta. Shi ne ya yi ƙarfin halin magana.

Ya ce tun da safe sun ga rafi ya canza launi yana ɗauko ciyawa. Ya ce shi da kansa ya ce a tashi. Mutane suka ce ai wayoyi ba su yi ƙara ba, kada a wahalar da mata da tsofaffi a banza. Ya shiga wajen 'yarsa, ta ɗaga masa wayarta ta ce, "Baba, ya ce in jira muryarsa." Suka jira. Ruwan bai zo ta rafi ba, ta bayan gari ya zo, lokaci guda. Ummussalma ta miƙa wa uwarta jaririyar da wayar a bakin ƙofa, ta juya ta ɗauko zanen goyo. Katangar ɗakin da ta sha ruwa mako guda ta zauna a kanta. Sun ciro ta, amma babu rai. Tana cikin ajin ƙarshe an lulluɓe ta, ita da wata tsohuwa.

Abdulwahid bai yi kuka ba. Ya yi salati a hankali, sannan ya juya ya dubi mazan da suka kewaye mu.

"Wayoyinku ba su yi ƙara ba?"

Suka girgiza kai.

"Ko ɗaya?"

Suka sake girgiza kai. A lokacin ne muka ji ta. Wata 'yar ƙara siririya, a dakushe, tana fitowa daga wani aji. Ta yi ta yi ta katse, ta huta kaɗan, ta sake farawa. Ya bi ƙarar, na bi shi.

Gumsu, matar marigayi Bulama, tana zaune a ƙasa cikin kayan takaba. A gefenta ga adakar ƙarfe, bushe ƙayau. Ita 'ya'yan suka fara ɗauka a ka da ruwa ya shigo, kafin ko buhun gero.

"Iya," ya ce da ita, "tun yaushe take ƙara?"

"Tun da hantsi, ɗan nan. Ba ta huta ba. Mun ce waɗanda ba su ji rasuwar ba ne suke nemansa."

"Ba wanda ya buɗe?"

"Makulli yana wajen liman. Ko da yana nan ma, kayan marayu ne ba a raba ba, wa zai sa hannu? In ƙanensa ya buɗe 'ya'ya su ce ya ɗauki wani abu, in 'ya'ya suka buɗe shi ya ce."

Ni a nan raina ya tashi. Na fita na ɗauko dutse zan fasa kwaɗon, ina faɗin maganganun da ba za su rubutu ba. Gari guda sun wuni suna sauraron abin da zai cece su yana kuka a cikin akwati, kowa yana tsoron kada a ce ya taɓa carbin mamaci! Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi, kuma har yau ban san wa zan zaga ba. Matar ba ta yi laifi ba. Shugaban ƙungiya rigima ya guda. Abdulwahid ya riƙe hannuna.

"Bar ta," in ji shi. "Abin da na ce ta yi take yi."

Ya zauna a ƙasa kusa da adakar ya jingina da bango. Can na gane abin da ya riga ni ganewa. Injin yana jiran Bulama ya amsa, Ummussalma tana jiran injin ya yi magana, kowannensu yana cika alkawarin da ya ɗaukar wa Abdulwahid.

Washegari da safe aka yi jana'iza, aka binne su a bayan makarantar, don maƙabartar garin tana ƙarƙashin ruwa. Muka dawo muka zauna a gindin darbejiya ana karɓar gaisuwa. Wayar tana ta yi daga cikin aji, kunnuwanmu har sun saba. Sai ta tsaya a tsakiyar ƙara. Cajin ya ƙare.

Abdulwahid ya ɗago kai da sauri, na ga idonsa ya firfito. Shi kaɗai ya san abin da zai biyo baya. Babu wanda ya koma ofis ya kashe kwamfutar, sola tana ba ta wuta. Yanzu ta kira Bulama ta tarar wayarsa a kashe.

Wayar liman ce ta fara, sannan ta wanda ke kusa da shi, sannan ko'ina, a aljihun maza, a can wajen mata. Mutane suka ɗauka ba su san mene ne ba. Muryarsa ta cika gindin bishiyar, a natse, da ladabi, daga bakuna da yawa: "Salamu alaikum. Abdulwahid ne daga ƙungiya. Ruwa na zuwa. Ku kwashe iyali ku hau tudu yanzu."

Ban taɓa ganin manyan maza sun ruɗe da kunya irin ta ranar ba. Kowa yana lalubar lamba ɗaya yana dannawa don ya rufe bakin abin, babu mai iya duban inda yake zaune. Ɗaya bayan ɗaya wayoyin suka yi shiru. Guda ɗaya ta rage, daga wajen mata.

Malam Haris ya tashi ya je, ya dawo da ita a tafin hannunsa. Wayar Ummussalma ce, tana ƙulle a bakin zanen Hajo tun jiya. Ya tsuguna ya miƙa wa surukinsa. Abdulwahid ya karɓa, ya ɗauki kiran, ya saurari kansa har ƙarshe. "In ka ji, danna ɗaya." Bai danna ba. Kiran ya katse, jim kaɗan ya sake shigowa.

"Malam," in ji liman a hankali, "danna mata ta yi shiru."

Ya girgiza kai. Na matsa kusa na sa hannu zan karɓa, ya damƙe ta a ƙirjinsa. A lokacin hawayen suka zo masa.

"In na danna, zai rubuta cewa ta ji," in ji shi. "Ba ta ji ba."

Mutane suka ci gaba da zuwa suna yi masa gaisuwa, yana amsawa, wayar tana ƙara a hannunsa.